Malam Sakula Da Kwamitin Auna Aiki

Idan kana neman Malam Sakula a ma'aikatarsu, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka tsaya a gindin bene ka kasa kunne, inda duk ka ji wata murya tana cewa "ai akwai sakula a kan wannan", to nan yake. Sakula dai ita ce takardar umarni da hedikwata ke aiko wa ofisoshi, kuma a bakin mutumin nan babu abin da ba a yi wa sakula ba. In ruwan famfo ya ɗauke, akwai sakula. In tayar babur ɗinka ta sace, akwai sakula. Babu wanda ya taɓa ganin ko guda da idonsa, shi ya sa sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya.

Akawun rajista ne. Fayil ya shigo a rubuta, fayil ya fita a rubuta. Na ce a rubuta, ban ce shi ke rubutawa ba, don mataimakiyarsa ce ke yi, wata matashiya da ake kira Malama Shiru saboda sai ta wuni ba ka ji tarinta ba. Shi nasa aikin bayani ne.

A bangon bayan kujerarsa akwai jadawalin albashi a manne. Matakai ne daga sama zuwa ƙasa, kowane mataki da gidaje goma sha biyar a jere. Kowace shekara ma'aikaci ya matsa gida ɗaya, albashinsa ya ɗan motsa. In ya kai gida na ƙarshe sai ya tsaya cak, har sai an ɗaga shi zuwa mataki na gaba. Malam Sakula ya isa gidan ƙarshe na mataki na shida shekara tara da suka wuce, ya miƙe ƙafa a ciki. Yawan ɗora yatsa ya sa wurin ya yi baƙi, lambar ma ba ta karantuwa. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma fansho da matakin da mutum ya sauka a kai ake yanka shi. Duk cika bakin nan nasa, wannan abin yana cin ransa ƙwarai.

Ana nan sai sanarwa ta fito cewa nan da mako biyu hedikwata za ta turo Kwamitin Auna Aiki, a sake duba matakin kowane gurbi. Aka raba wa kowa fom ya rubuta abin da yake yi.

Da hantsi Malam Sakula ya samu Baba Masinja da Mai Sito a ƙarƙashin bene suna shan shayi, ya gyara tsayuwa.

"Ku ba ku san yadda ake yanka albashi ba," in ji shi. "Kuna tsammani wani ne ke rufe ido ya ɗiga biro? Maki ake bayarwa. Abu huɗu suke dubawa: yawan aiki, yawan mutanen da ke ƙarƙashinka, kayan gwamnati da ke hannunka, sai haɗarin da kake ciki. A tara maki, a leƙa jadawali, a ce wannan mataki kaza ne."

Abin mamaki, wannan karon gaskiya ya faɗa. Abin da ya rage masa sani layi ɗaya ne tak, yana can ƙasan fom ɗin da ƙananan haruffa, shi kuwa bai taɓa karanta takarda har ƙasa ba.

Baba Masinja, wanda ya fi kowa daɗewa a ma'aikatar, ya hura shayinsa ya ce, "To kai da ka san duk wannan, me ya zaunar da kai gida ɗaya shekara tara?"

"Jira nake su zo da ƙafarsu. Mai daraja ba ya bin kwamiti."

"Mataki na nawa kake hange?"

"Tara. In sun yi rowa, takwas."

Mai Sito ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya.

Da fom Malam Sakula ya fara. Layi goma aka bar wa kowa, shi ya ƙara takardu biyar. Da ayyukan gaskiya suka ƙare masa a layi na uku, sai ya jawo littafin da Malama Shiru ke zuwa makarantar yamma da shi, ya buɗe babin kula da bayanai ya yi ta kwafa: tsara kundi a kwamfuta, fitar da ƙididdiga, tsare sirrin takardu. Da ya ɗaga kai ya tara ayyuka arba'in da bakwai.

"Malam," in ji Malama Shiru a hankali, "wasu daga ciki ai ba a taɓa sa mu ba. Ni ce dai nake ɗan gwadawa a kwamfutar nan in na samu sarari."

"Abin da kika gwada a ofishina ni na gwada. Ke dai rubuta kina taimaka mini. 'Yata, kwamiti ba ya son surutu."

Ta rubuta layi uku, ta ciro wata takarda daga jaka ta maƙala a bayan fom ɗin, kamar yadda layin ƙasa ya ce a yi. Ya leƙa ya yi dariya har da buga cinya.

"Har da takardar makaranta? Aiki za su auna, ba jarrabawa za su yi miki ba."

Sai maganar mutanen da ke ƙarƙashinsa. Ya jera takwas, har da mai shara, da mai shayi, da wani direba da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara. Baba Masinja ne ya ba shi wahala.

"Ni a ƙarƙashinka? Ranar da aka ɗauke ka aiki ni na nuna maka inda banɗaki yake."

"Wuni ɗaya ne, Baba. In na shigo ka miƙe ka ce sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

"Sau nawa?"

"Duk sanda na shigo."

"Gwiwata ba ta gwamnati ba ce. Sau biyu zan miƙe, ka zaɓi lokacin da ka fi so."

Kayan gwamnati kuwa, makullai ya bi. Ya zagaya ofis-ofis yana cewa akwai sakula, duk makulli ya kwana a rajista kafin kwamiti ya zo. Waɗanda suka gaji da tsayuwarsa a kansu suka miƙa masa. Ya tara talatin da ɗaya, har da na ɗakin taro da na banɗakin sama, ya zura su a waya ɗaya ya rataya a bel. Tun daga ranar ba a bukatar jin muryarsa kafin a san ya taho.

Yawan aiki bai ba shi wahala ba. A ƙarshen baranda akwai ɗakin da ake jibge tsofaffin fayiloli, waɗanda masu su wasu sun yi ritaya, wasu sun rasu. Ya kwana biyu yana jidar su a baro. A layin haɗari ya rubuta ƙura, da kunama, da maciji, da yiwuwar kanta ta faɗo wa mutum a ka.

Sai dai teburinsa ɗan mitsitsi ne, fayil ashirin sun cika shi. Da yamma ya koma gida ya tarar da matarsa, wadda tela ce, ta shimfiɗa yadi a kan teburin yankanta. Tebur ne dogo mai faɗi, na katako mai nauyi, an kafe tef ɗin awo da ƙananan ƙusoshi a gefensa. Ta karɓi ɗinkin kayan makaranta na aji biyu, tana ta zana layi da alli. Ya zagaya teburin sau biyu yana shafawa.

"Maman yara, aron teburin nan za ki ba ni."

Ba ta ɗago ba. "Allah ya ba da haƙuri."

"Ki ji bayani mana. A gwamnati, girman tebur shi ne girman mutum. Nawa na ofis in na ɗora gwiwar hannu ɗaya sai ɗayar ta rataya. Da wane ido kwamiti zai dube ni?"

"Baban yara, a kan teburin nan nake yanka abin da muke ci."

"Kwana ɗaya rak. In na hau mataki na tara, tebur biyu zan sayo miki, ɗaya ki yi yanka, ɗaya ki ɗora ƙafa."

"Haka ka ce ranar da ka ari dutsen gugana ka je busar da fayilolin da ruwa ya jiƙa. Fayilolin sun ƙone, dutsen ya dawo ba mariƙi."

"Wancan matsalar wuta ce. Akwai sakula a kanta."

Ta ajiye alli ta dube shi. Ta san shi ciki da waje, ta kuma san yadda yake ture kwano duk ranar da aka yi zancen fansho. Tausayi ya rinjaye ta, ta ce, "Ka kai Laraba, ka dawo da shi Alhamis da yamma. In ya kwana biyu, kai ma ka nemi wurin kwana."

Ranar Laraba aka kawo tebur a mota, ya ƙi shiga ƙofar rajista. Aka gwada a tsaye, aka gwada a kishingiɗe, aka juya ƙafafu sama. Mai Sito ya ce a haƙura, Malam Sakula ya ce a cire ƙofa. Aka cire ƙofa, tebur ya shiga, ƙofa ta ƙi komawa. Aka jingine ta a baranda. Teburin ya cinye ɗakin, ya tura Malama Shiru da kwamfutarta lungu, duk mai shiga sai ya bi bango a karkace yana riƙe numfashi. Sannan aka shiga ɗora fayiloli, layi a kan layi, har suka kusa taɓa fanka.

Alhamis da sassafe ya iso cikin kaya masu guga, makullai na kaɗawa. Ya shiga rajista, Baba Masinja ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe." Daɗi ya kama shi, ya fita ya sake shigowa don ya ƙara ji. Baba ya sake miƙewa.

Ƙarfe tara kwamiti ya iso, mutum uku: wata dattijuwa mai tabarau ita ce shugaba, sai wani mai ƙiba, sai wani siriri mai ɗauke da takardu. Oga, shugaban sashe, ya tarbe su ya nufi ɗakin taro da su, ya murɗa ƙofa ya ji ta a kulle.

"Wa ke da makullin nan?"

Baranda ta amsa baki ɗaya, "Malam Sakula."

Ya taho da sauri, ya durƙusa a gaban ƙofa ya fara gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya cire wayar daga bel ba, don kwamiti ya ga nauyin da ke jikinsa. Bai yi wa ko ɗaya alama ba. A na goma sha ɗaya gumi ya karyo masa. A na goma sha takwas mai ƙiba ya tambaya a hankali ko akwai banɗaki kusa, aka ce akwai, makullinsa ma yana cikin waɗannan. A na ashirin da shida ƙofa ta buɗe, Malam Sakula ya miƙe da ƙarfi don ya yi musu iso, makulli na cikin ƙofa, waya na cikin bel. Bel ya tsinke. Ya cafe wando a gwiwa da hannu ɗaya, ya nuna musu hanya da ɗayan.

Mai Tabarau ta dube shi ta saman gilashi. "Kai ne mai ayyuka arba'in da bakwai?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Da ofishinka za mu fara."

Ya ɗaure wando da igiyar fayil ya riga su isa. Da suka zo suka tarar da ofis ba ƙofa, suka bi bango a karkace, mai ƙiba ya maƙale sai da siriri ya tura shi. Mai Tabarau ta dubi tulin fayiloli ta ce, "Ina ma'aikacin?"

"Ina nan, ranki ya daɗe," in ji wata murya daga baya. "Aiki ne ya rufe ni."

Ya zagayo, ya fita baranda, ya sake shigowa da taƙama yana kallon Baba Masinja. Baba na zaune yana sakace haƙori. Malam Sakula ya yi gyaran murya, ya ƙifta ido, ya taka masa ƙafa.

"Biyun sun ƙare," in ji Baba.

"Wannan ma a ƙarƙashinka yake?" in ji Mai Tabarau.

"Yana ciki. Na yafe masa miƙewa saboda shekaru."

Ta shafa gefen tebur, yatsarta ta ci karo da tef ɗin awo. "Wannan fa?"

"Da shi nake auna kaurin fayil. In ya wuce inci huɗu sai in buɗe masa sabo."

"Layukan allin nan kuma? Wannan kamar hannun riga."

"Taswirar tafiyar aiki ce."

Siriri yana ta rubutu. Mai Tabarau ta karɓi wata takarda daga hannunsa ta duba. "Teburin nan ba ya cikin jerin kayan ofis. Na waye?"

Nan ne ya kamata mutumin nan ya tuna da fuskar matarsa. Maki ya tuna.

"Na gwamnati ne, ranki ya daɗe. An ba ni ne saboda girman aiki. Mai Sito ne bai shigar ba."

Mai Sito, da ke leƙe ta inda ƙofa take a da, ya ji an ambace shi ya matso. Mai Tabarau ta ce masa, "Wannan sakaci ne. A sa masa lamba yanzu." Ya tafi ya dawo da farin fenti da buroshi, ya durƙusa ya rubuta lamba ɓaro-ɓaro a ƙafar tebur, yana yi yana kallon Malam Sakula da murmushin mugunta.

"Yanzu a ba ni fayil ɗin gyaran rufin ginin nan na bara," in ji ta.

"Yana hannuna."

Ba ya hannunsa. Ya zagaya tebur yana taɓa wannan yana taɓa wancan, ya ga wani mai jan bango can ƙasan tuli, ransa ya ba shi shi ne, ya kama ya finciko. Tulin ya yi ɗan tunani, sannan ya taho gaba ɗaya. Ƙura ta turnuƙe ɗakin. Kyankyasai suka watsu, wata uwar ɓera da 'ya'yanta suka fito suka bi ta kan takalmin siriri, mai ƙiba da ɗazu ya kasa shigowa ya tsinci kansa a baranda ba wanda ya tura shi. Da ƙura ta lafa aka ga Malam Sakula a binne har ƙirji, jan fayil a hannunsa. Aka duba, na neman hutun wani mai gadi ne da ya rasu shekara ashirin da suka wuce.

Mai Tabarau ta goge gilashinta ta ce wa siriri, "Rubuta. Haɗari, an tabbatar."

Daga lungu Malama Shiru ta danna kwamfuta sau uku, ta miƙe ta buɗe wata durowa, ta miƙa fayil ɗin rufi da hannu biyu. Mai Tabarau ta tsaya a kanta ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, ta yi mata tambaya biyu a hankali, ta samu amsa biyu gajeru.

"Ni na hore ta," in ji Malam Sakula daga cikin fayiloli.

Da kwamiti ya tafi ya fito baranda yana kaɗe riga. "Kun ji da kunnenku. An tabbatar. Wa kuka taɓa ji an tabbatar wa haɗari a ginin nan? Ku fara koyon yadda ake gaida mai mataki tara."

Da yamma ya kira mota aka fito da tebur. A bakin get mai gadi ya sa sanda ya tare.

"Ina takardar fita?"

"Wace takarda? Teburin matata ne."

Mai gadi ya sunkuya ya karanta farin fenti. "Matarka gwamnati ce?"

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Amma akwai sakula a kan wannan." Ya shiga ɗakinsa ya fito da ita, takarda ta gaske mai hatimi, cewa kaya mai lamba ba ya fita sai da sa hannun hedikwata. Ita ce sakula ta farko da Malam Sakula ya taɓa riƙewa ya karanta har ƙasa. Aka mayar da tebur rajista.

Abin da ya ji a gida ranar ba zan maimaita ba, maƙwabta dai sun ji rabonsu. Maman yara ta koma yanka a ƙasa. Ta share tsakar ɗaki ta shimfiɗa yadi, tana rarrafe da almakashi, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Kullum ya ce mata sakamako na hanya, kullum ta ce masa bayanta ma na hanyar asibiti. Haka aka yi mako shida. A ofis kuwa ya daina amsa gaisuwar 'yan mataki biyar, ya kuma sa an rubuta masa suna a wani ɗan allo, ya rasa ƙofar da zai kafa shi.

Ranar da sakamako ya iso Oga ya tara ma'aikata a ɗakin taro. Ana shirin farawa sai ga Maman yara a bakin ƙofa da masu dako biyu a bayanta, ta ce haƙurinta ya ƙare, yau da teburinta za ta koma ko gwamnati ta so ko ta ƙi. Malam Sakula ya tare ta da fara'a.

"Kin zo a daidai. Shigo ki ji da kunnenki."

Oga ya karanta na sassa biyu, ya iso rajista. "Bisa abin da aka rubuta a fom, da abin da kwamiti ya gani, gurbin mai kula da rajista ya fi ƙarfin mataki na shida. An ɗaga shi zuwa mataki na tara."

Malam Sakula ya yi zumbur ya miƙe, makullai suka amsa. "Na faɗa muku ko ban faɗa muku ba? Baba, me na ce a ƙarƙashin bene? Ina so kowa ya sani ba zan canza hali ba. Ƙofata a buɗe take ga kowa."

"Ai ba ka da ita," in ji Baba Masinja.

"Zauna, Malam," in ji Oga. "Ban gama ba." Ya gyara takarda. "Kamar yadda aka rubuta a ƙasan fom, kwamiti gurbi yake aunawa, ba mutumin da ke zaune a ciki ba. Gurbin mataki na tara sai mai takardar difloma. Wanda ke riƙe da shi yanzu bai maƙala ko ɗaya ba. Mataimakiyarsa ta maƙala, kuma kwamiti ya ga aikinta. Daga ranar ɗaya ga wata ita ce mai kula da rajista."

Aka juya ana neman Malama Shiru. Tana can baya ta rufe baki da mayafi, idonta ya ciko.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Sakula, murya ta sirance, "ni fa na rubuta ayyukan nan."

"Shi ya sa kwamiti ya ce a gode maka. Sun ce ba su taɓa ganin wanda ya bayyana gurbi da kyau haka ba."

"To ni ina aka kai ni?"

Oga ya bi layi da yatsa. "Kana nan a mataki na shida, gida na goma sha biyar. Za ka zama mataimakinta. Aikinka na farko ka mayar da tsofaffin fayiloli inda ka ɗebo su, a jere. Makullai kuma tunda ka ce suna hannunka, an tabbatar maka da su. Kai za ka riƙa buɗe gini da safe, ka rufe bayan kowa ya tashi."

Mai Sito ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Maman yara ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Ranka ya daɗe, ni tebur na zo ɗauka."

Oga ya juya shafi, ya sosa ƙeya. "Akwai shi a nan. Babban tebur mai lamba kaza, kwamiti ya ce ya dace da ofishin jami'in mataki na tara. Ya zauna a inda yake."

"Wato teburin ma mataki tara yake yanzu?"

"Kusan haka ne."

Ta juya ta dubi mijinta daga sama har ƙasa. "Baban yara, shekara tara kana gida ɗaya. Teburina mako shida ya yi a gwamnati ya haura mataki uku. Da na sani tun farko shi na tura aikin."

Ɗakin taro ya fashe. Har Oga sai da ya ɗaga takarda ya rufe fuska. Masu dako suka tambaya ko a ɗauki wani abu daban, tunda an riga an zo.

Da aka watse ya koma rajista shi kaɗai. Ya tsaya gaban jadawalin, ya ɗora yatsa a baƙin gidan nan da ya sani, ya ja ta a hankali zuwa mataki na tara, ya dawo da ita. Fanshon da za a yanka masa ke nan, ba ƙari. Ya daɗe a tsaye, bai ce akwai sakula ba. Malama Shiru ta shigo ta bi bango, ta tsaya nesa kaɗan.

"Malam, ka yi haƙuri. Gobe zan rubuta wa hedikwata a saki teburin Mama."

"Wata nawa zai ɗauka?"

"In an yi sauri, takwas."

Ya gyaɗa kai. Ya jira har kowa ya fita, ya bi ofis-ofis yana kullewa, ya gwada makulli goma sha tara kafin ya samu na babbar ƙofa.

A gida ya tarar da Maman yara a durƙushe a tsakar ɗaki, yadi shimfiɗe, fanka na ɗaga gefensa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, tsohon halin ya fara dawowa.

"Kin san ana ɗaukaka ƙara. In na zauna na rubuta musu, da irin alƙalamin nan nawa…"

"Kar ka sake. In ka ƙara rubutu, mai shara ma sai ya zama oganka." Ta nuna ƙarshen yadin da almakashi. "Zo ka danne mini nan."

Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya ɗora tafin hannu biyu a kan yadi.

"Har yaushe?"

"Har in gama aji biyu," in ji ta, ta sa almakashi. "Ka zauna nan kar ka motsa. Wannan kam ka iya."